Tujen da Na Kira Ɗan Jimina

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa kakanku ya bar Minna ne saboda damshin garin bai karɓe shi ba, wai tari ya matsa masa ya koma arewa neman busasshiyar iska. Ni na ƙago wannan magana, ni na yaɗa ta, har na kai inda nake faɗinta ba na jin komai a ƙirjina. Kakarku Inna ta san ƙarya ce, amma ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ba na so in tafi in bar ku da ita. Mutumin da ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana gadi cikin ruwa da iskar garin nan bai taɓa kwanciya ciwo ba, ba tari ne zai kore shi ba. Ni na kore shi, kuma a kan tsuntsu.

Ba ku san shi ba, bari in gwada muku shi. Sunansa Alhassan, amma a Minna ba mai kiransa da shi, Buzu kawai ake cewa. Daga can bayan Damagaram ya fito, inda gonaki suka ƙare sai rairayi. Fari ya cinye musu raƙuma yana saurayi, ya biyo masu shanu kudu da niyyar wata uku, sai ya ga Inna tana toya masar shinkafa a bakin tashar jirgi, shi ke nan wata uku ya zama zama. Dogo ne siriri, da baƙin rawani wanda ya rufe masa baki, yana gadin wani sito kusa da layin dogo. A yini kana iya ƙirga maganarsa da yatsu. Inna kuwa Banufiya ce daga Bida, ita take yi musu maganar su biyu har da ragowa. Hausarsa ta arewa ce, tata kuma ba ruwanta da mace ko namiji, kowa ya shigo gida “ya zo” ne. Ni da na je makarantar horon malamai na koyo Hausar littafi da ɗan Turanci, sai na dawo ina jin kunyar bakinsu duka biyu. Har gyara musu magana nake yi a kan tabarmar cin abinci. Inna takan ture mini kwano ta ce,

“Ci tuwo, Malam. Da wannan bakin na yi maka waka kana goye, ba ka ce in gyara ba.”

Shekarar da nake ba ku labari, shekarata ta biyu ce da fara koyarwa a wata firamare da ke hanyar Bosso. Ku gan ni a lokacin: gajeren wando mai kari, doguwar safa, biro biyu a aljihu, ina tafiya kamar ni na shimfiɗa titin. Hedimastanmu, Mista Yohanna, dattijo ne Bagware mai haƙuri, ya san Baba tun kafin a haife ni. Shi ya ba ni lambun makaranta da zomaye da kaji, da darasin tsirrai da dabbobi. A shekarar an ce za a ɗauki malami ɗaya daga yankinmu a tura shi Zariya ƙaro ilimi, kuma wanda sufeton makarantu ya yaba shi zai tafi. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

A farkon damina wani dillalin shanu da ’ya’yansa ke makarantarmu ya iso da babban kwando a bayan keke. Ya ce abokan cinikinsa ne suka kamo wani tsuntsu can arewa suka kawo masa tsaraba, shi kuma bai san yadda zai yi da shi ba, ko makaranta na so. Aka buɗe kwando a cikin shingen kaji, sai ga wani abu ya miƙe a kan dogayen ƙafafu, tsayinsa ya kusa kai mini ƙugu. Wuya dogo mai launin toka, baya ruwan ƙasa, ciki fari, ga wani ɗan baƙin tukku a ƙeya. An fige masa dogayen gashin fiffike don kada ya tashi. Kaji suka watse, yara suka yi ca a bakin shinge, malamai suka fito daga azuzuwa. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Hedimasta ya juyo ya ce,

“Malam Usman, kai ne masanin dabbobinmu. Wane ne wannan baƙo?”

Ni ko jimina ban taɓa gani ba sai a hoton littafin karatu. Amma ga doguwar ƙafa, ga dogon wuya, ga shi ba ya tashi, ga shi daga hamada. Kuma ga idon makaranta duka a kaina. Cewa ban sani ba bai ko zo mini a rai ba. Na gyara tsayuwa na ce,

“Ɗan jimina ne, ranka ya daɗe. Nan da wata shida sai ya fi ka tsawo.”

Yara suka yi shewa. Kafin a tashi na samo katako da fenti na rubuta ƊAN JIMINA da manyan baƙaƙe, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, na kafa a bakin shinge. Hedimasta ya rubuta wa sufeto cewa in ya zo zagayensa na mako mai zuwa zai ga abin da ba wata makaranta da take da shi. Labari ya bazu. Manoman doya daga Shango da Maitumbi, waɗanda a lokacin duk gonaki ne ba waɗannan gidajen da kuke gani ba, in sun shigo kasuwa sai sun ratso sun ga ɗan jimina, ni kuma ina tsaye ina yi musu bayani.

Da yamma ina ta zuba labari a gida. Baba yana ɗaure rawani zai fita aiki, bai ko dube ni ba ya ce,

“Yatsu nawa gare shi?”

“Haba Baba, wa yake ƙirga yatsun tsuntsu?”

“Jimina biyu gare ta. Ka ƙirga.”

Washegari na ƙirga, uku ne. Nan da nan na lallashi kaina, na ce ƙila ɗayan yana faɗuwa in ya girma, kamar haƙorin yaro. Kun ji fa malamin tsirrai da dabbobi. A safiyar nan Baba da ya tashi daga aiki bai je gida ya kwanta ba. Na hango shi ta taga can nesa da shinge, ya tsuguna a gindin mangwaro, ya daɗe yana kallo, sannan ya tafi. Da na koma gida bayan azahar na tarar da shi a tsakar gida yana dafa shayi. Ya ce,

“Usumanu, zo ka zauna. Abin nan tuje ne. Kuma ba ɗa ba ne, uwa ce, ta gama girmanta.”

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce ɗan jimina bayansa tsinke-tsinke ne kamar na bushiya, kuma ba shi da tukku. Tuje kuwa yatsunsa uku duk gaba suke kallo, babu na baya da zai kama reshe, shi ya sa ba za ka taɓa ganinsa a kan itace ba, a ƙasa yake kiwo, a ƙasa yake kwana. Yana tashi sama sarai, amma sai ta kama dole, ya fi son ya sunkuyar da kai ya sulale cikin ciyawa tun kana nesa. Da safe da yamma yake fita, rana ta yi zafi ya laɓe a inuwar ƙaya. Abincinsa fara da buzuzu da ƙananan ƙadangaru da ’ya’yan ciyawa, sai ƙaro da yake tsinta a jikin itacen ƙaya, kuma ruwa bai dame shi ba, yakan daɗe bai sha ba. Ya ce in ruwan farko ya sauka namijin yakan kumbura wuya ya ɗaga wutsiya yana wani ƙugi da ake ji daga nesa. Ita kuma macen ba ta yin sheƙa, ƙasa kawai take sharewa ta ajiye ƙwai ɗaya ko biyu, ita kaɗai ta yi kwanci, ita kaɗai ta yi reno. Yana magana idonsa na kan garwashi, muryarsa ta saki, har ya ambaci sunan wani kwari inda yake ganinsu yana yaro a bayan raƙuma. Sannan ya miƙo mini shayi ya ce,

“Wagga da ƙwai a cikinta, na ga tana sharar ƙasa a kusurwa. Ku raba ta da kaji, ku kewaye ta da zana, ku hana yara leƙe. Tuje ba ta son ido. In ta firgita da kanta za ta karya ƙafarta.”

Wallahi tun bai rufe baki ba na san gaskiya ya faɗa. Amma ga allo na kafa, ga wasiƙa ta tafi, ga rabin Minna sun ji daga bakina. In na cire allon nan yanzu, me zan ce wa yara? In ce babana maigadi ne ya gyara mini? Sai na ce,

“Baba, a littafi ba haka aka rubuta ba.”

“Wane littafi?”

Babu wani littafin da ya faɗi haka. Inna daga bakin murhu ta ce,

“Littafin naka ya taba zuwa daji?”

Na tashi na shige ɗaki na bar shayin. Ban kafa zana ba, ban raba ta da kaji ba, kuma ban faɗa wa kowa a gida ranar da sufeto zai zo ba.

Kwana biyar tana tsaye a kusurwar shinge. Dawa muka zuba, dusa muka dama, ko kallo ba ta yi ba. Ni dai addu’ata kada ta mutu kafin sufeto ya zo ya tafi, abin da ya biyo baya ba ruwana. Ranar ta zo. Sufeton mutumin Kabba ne, gajere mai fara’a, Hausarsa ta cefane ce kawai. Yara suka yi layi suka rera waƙa, aka zaga azuzuwa, sannan aka zo lambu. Na riƙe ɗan sanda ina nuna wuya, ina nuna ƙafa, ina kauce wa yatsu, Turanci yana zubo mini kamar ba gobe. Sufeto yana gyaɗa kai yana rubutu. Ina cikin haka sai na ga yara sun waiwaya. Baba ne ya ɓullo ta bayan shinge, da rawaninsa da sandarsa, riƙe da ƙwarya rufe da faifai. Raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Daga baya na ji tun da ya tashi aiki yake cikin ciyawar bakin layin dogo yana kamun fara, sannan ya bi ta wajen masu magani a kasuwa ya samo ƙaro. Bai san da wani baƙo ba, tsuntsuwar da ta ƙi cin abinci ce ta kawo shi. Ya tsuguna, ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ya jefa fara ɗaya. Ta ɗaga kai, ta taka a hankali, ta cafke. Ya sake jefawa ta sake cafkewa. Sufeto ya tafa hannu don murna, ya matsa kusa ya ce da ’yar Hausarsa,

“Baba, ka san shi?”

“Na san ta. Tuje ce.”

Sufeto ya juyo gare ni ya tambaya da Turanci me tsohon ya ce. Ga allona a tsaye tsakaninmu. Kun san tuji, ciyawar nan mai taurin saiwa da ke fitowa a filin ƙwallo, wadda muke sa yara cirewa in sun makara. A bakin mutanen Minna tuje da tuji kusan ɗaya ne, kuma ba yaron da ya taɓa jin na farkon. Ni na san bambancinsu sarai. Amma sai na yi wata dariya mai ƙarfi na ce da Hausa, yadda kowa zai ji,

“Tuji ai ciyawa ce, tsoho! Yara, tuji tsuntsu ne ko ciyawa?”

“Ciyawa, Malam!”

Suka fashe da dariya, har wasu na tsalle. Na fassara wa sufeto cewa tsohon ya rikice ne, sunan ciyawa yake kira. Shi ma ya yi dariya, sannan ya tambaye ni, da Turanci dai, wane ne wannan dattijo. Tsoho na riga na ce, amma da sauran ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce, mahaifina. Sai na ce masa maigadi ne, da Turanci na faɗa don kada Baba ya ji. Na manta cewa in akwai kalmar Turanci ɗaya da Baba ya sani a duniya, ita ce wannan, don da ita akawun sito yake kiransa kullum safiya. Hedimasta ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga, bai dube ni ba. Baba kuwa bai ɗago ba. Ya ƙarasa jefa farar nan ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare, ya zuba ƙaron a kusurwa, ya mayar da faifai a kan ƙwarya, ya yi wa baƙo sallama ya tafi.

Bayan kwana biyu ina shigowa makaranta na ji ihu daga lambu.

“Malam! Malam! Ɗan jimina ya yi ƙwai!”

Ga shi nan a kusurwar da ta share, ya fi na agwagwa girma, launin ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigo. Na tsaya ina kallonsa. Hedimasta ya zo ya leƙa, ya kira ni ofis, ya tura ƙofa ya ce,

“Malam Usman, a garinmu dai jariri ba ya haihuwa. Ban sani ba ko a littafi.”

Na sunkuyar da kai.

“Allon ba komai ba ne, katako ne, a cire. Sufeto kuma ka rubuta masa ka gyara. Ɗaya maganar ba ni zan koya maka ba, ka san hanyar gidanku.”

Shi da kansa ya hau keke ya je ya sami Baba, ya roƙe shi ya riƙa zuwa yana duba ta. Aka kafa zana, aka kwashe kaji. Kullum safiya Baba yakan zo da ƙwaryarsa, mu yi kiciɓis a bakin ƙofar makaranta, in ce ina kwana, ya ce lahiya lau, kowa ya wuce. Ƙwan dai ba ta kwanta a kai ba, ya lalace. Baba ya gaya wa hedimasta dama ba za ta kwanta ba, ido ya riga ya yi yawa.

Na zauna rubuta wa sufeto. Takardar farko na fara da cewa dattijon da ya gani mahaifina ne, kuma shi ne mai gaskiya. Na karanta, na tuna Zariya, na yaga. A ta biyu na rubuta cewa bayan dogon bincike na gano tsuntsun ba ɗan jimina ba ne, tuje ne, na jera maganar yatsu da tukku da ƙaro da sharar ƙasa, duk yadda Baba ya faɗa mini a bakin shayi, ban ambaci kowa ba. Amsa ta zo da yabo. Ya ce malamin da yake bincike har ya gyara kuskurensa da kansa shi ake nema, ya sa sunana a tafiya Zariya. Ya kuma ce in rubuto masa cikakken bayanin rayuwar tuje don a raba wa sauran makarantu. Na karanta wasiƙar sau uku, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji.

Inna a kasuwa ta ji labari, daga bakin matan da ’ya’yansu suka yi dariyar. Ta dawo ko tire ba ta sauke ba ta tsaya a kaina.

“Tsoho? Kai ka bude baki ka ce masa tsoho a gaban yara? Wandon nan da kake takama da shi, da gadin wa aka dinka? Sanyi ya duke shi, ruwa ya duke shi, don ka zama mutum. Yau ka zama, ko? Tir! Da na sani da tuyar masa na koya maka, ka zauna kusa da ni kana korar kuda.”

Baba daga ɗaki ya ce,

“Ƙyale shi.”

Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya buga mini, da na samu sauƙi. Bai canja mini komai ba sai abu ɗaya. Mutanensu ba sa buɗe baki a gaban baƙo, ko abinci za su ci ta ƙarƙashin rawani suke kai loma. A gida kuwa, in mu kaɗai ne, Baba yakan sassauta rawanin ya sauke shi ƙasan haɓa, mu ga fuskarsa duka. Daga ranar nan in na shigo yana cin abinci, sai in ga hannunsa ya tafi a hankali ya ja rawanin ya rufe. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan durƙusa a gabansa. Gobe ta yi, in ga rawanin nan, in ce bari sai ya huce. Haka damina ta yi nisa.

Gashin fiffikenta ya fara tohowa, amma ruwan Minna bai yi mata ba. Ƙasar shingen ta zama taɓo, ƙafafunta suka fara kumbura, ta rame. Baba ya ce wa hedimasta in ta ƙara wata a nan mutuwa za ta yi, a ba shi ita ya mayar da ita. Zai bi jirgi zuwa Kano, daga nan Nguru, daga nan ya sami masu raƙuma. Hedimasta ya ce ai da ma tasa ce. A gida ya ce zai yi amfani da tafiyar ya ga dangi. Inna ta tambaye shi yaushe zai dawo, ya ce sai yadda Allah ya yi. Da ta ga ya sallami aikin sito, ya naɗe takobinsa da butar shayinsa a cikin bargo, ba ta sake tambaya ba, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Bai dawo ba. Damina biyu bayan haka ina Zariya masu shanu suka kawo wa Inna labarin rasuwarsa, sun ce a cikin danginsa ya cika, ya kuma aiko mata da gaisuwa. Ko tujen ta kai gida da rai, ban taɓa sani ba.

Ranar tafiyarsa ni na raka shi tasha. Inna ta ce ba za ta iya ba. Na ɗauko kwandon, wanda ya lulluɓe da tsohon zane don kada ta ga mutane, muka samu gefe a kan dandamali muka zauna a kan kayansa. Jirgi ya yi latti, mun fi awa ɗaya muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Tun daga gida na shirya maganata, kalma uku ce, Baba ka yafe. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa,

“Baba, yaya ake gane namiji da mace?”

A aljihuna akwai ɗan littafin rubutu, don bayanin da sufeto ya nema ban gama ba, kuma na san in jirgin nan ya tashi ba ni da wanda zan tambaya. Baba ya ce namiji ya fi girma nesa ba kusa ba, wuyansa ya fi kauri. Na zaro littafin da biro. Ya dubi littafin, ya dube ni. Sannan ya rage saurin maganarsa, yana faɗa yana dakatawa, don in samu in rubuta. Na tambaye shi kwana nawa take kwanci, ya ce sati uku da ɗoriya. Na tambaye shi ’ya’yan fa, ya ce suna fitowa suke bin uwa da ƙafarsu, in ta yi musu wani sauti sai su lafe a ƙasa, ko ka taka kusa ba za ka gan su ba. Na tambaye shi abokan gabarta, ya ce dila da gaggafa da mutum. Na cika shafi huɗu. Can muka ji kukan jirgi, mutane suka tashi da hayaniya. Na taya shi shigar da kwando, ya samu wuri kusa da taga, na sauko na tsaya a ƙasa. Ya leƙo, idanunsa kaɗai nake gani.

“Ka rubuta duka?”

“Na rubuta, Baba.”

“Akwai saura?”

Bai ɗauke ido daga kaina ba. Mai tuta ya busa usur, taragu suka yi ƙara suka motsa, shi dai yana jira. Na dubi littafin da ke hannuna, na ce,

“Babu, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya mayar da fuskarsa ciki, ya gyara zanen da ke kan kwando.